Tambayoyi da amsoshi kan tawali'u da adalci a gidan Kirista

Waɗannan tambayoyi daga taron ma'aurata da na Zumuntar Mata na tara su, wasu a takarda aka rubuto ba suna, wasu kuma ta WhatsApp aka turo min da dare bayan yara sun yi barci. Ni ba fasto ba ce, uwa ce kawai da ta daɗe a gidan miji kuma ta daɗe tana koyarwa a makarantar Lahadi, don haka abin da na karanta a Littafi Mai Tsarki da abin da idona ya gani su zan faɗa. In amsa ta yi wa wani zafi a yi haƙuri, ni ma wasu sun taɓa ni.

Mama, wai mene ne ma tawali'un nan? Ba shi ne mutum ya zama bora kowa ya taka shi ya wuce ba?

A'a 'yata, ba shi ba ne. Ki buɗe Yahaya sura 13 ki karanta a hankali. Kafin a ce Yesu ya tashi ya ɗaura tawul, sai da aya ta 3 ta gaya mana ya san Uba ya sa komai a hannunsa, ya san inda ya fito da inda za shi. Wato ya san ko shi wane ne sarai, sannan ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi wa baƙi a ƙasar da ake yawo da takalmi buɗaɗɗe cikin ƙura. Har ƙafar Yahuza ya wanke, kuma ya san abin da ke zuciyarsa. Hausawa ma sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Amma wannan Yesun dai, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist a Yahaya 18, bai yi shiru ba, ya ce in mugun abu na faɗa ka nuna shi, in kuwa daidai na faɗa me ya sa ka mare ni. Bulus ma haka, da aka yi musu bulala shi da Sila a Filibi aka jefa su kurkuku ba shari'a, washegari aka aiko wai su fita a ɓoye, ya ce sam, su mahukuntan su zo da kansu su fitar da mu (Ayyukan Manzanni 16:37). Mai tawali'u yana da baki, girman kai ne ba shi da shi.

Me ya sa kullum kike haɗa tawali'u da adalci? Ai abu biyu ne daban.

Ba ni na haɗa su ba, annabi Mika ne, sura 6 aya 8, inda ya ce abin da Ubangiji ke so gare ka shi ne ka aikata adalci, ka ƙaunaci jinƙai, ka yi tafiya da Allahnka cikin tawali'u. Abin da na lura da shi a gidajenmu kuwa, mun juya su. Tawali'u muna nemansa a wurin na ƙasa da mu, mata ta yi tawali'u, yaro ya yi tawali'u, 'yar aiki ta yi tawali'u, adalci kuma sai ranar da aka cuce mu muke tunawa da shi. Alhali kamata ya yi tawali'un ka nema a kanka, adalcin kuma ka biya shi ga wanda ke ƙarƙashinka wanda ba shi da inda zai kai ƙararka. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka fito.

Na ɗauko yarinya daga ƙauye tana taya ni aiki. Ina ba ta abinci da wurin kwana, akwai wani abin da ya rage kuma?

Akwai da yawa 'yar'uwa, kuma a nan zan daɗe don nan ne ni kaina na faɗi. Shekarun baya mun ɗauko 'yar wani ɗan'uwan maigidana, tana da wajen shekara goma sha biyu, da sunan za mu sa ta makaranta. Mun sa ta kam, amma ita ke tashi ƙarfe biyar ta ɗora ruwa, ta share tsakar gida, ta wanke kwanukan jiya, ta yi wa ƙaramin wanka, sai an gama kai nawa makaranta sannan ita ta kama hanya da ƙafa, kullum a makare. Ban taɓa dukanta ba, don haka a ganina ni uwar kirki ce. Wata ranar Lahadi mun dawo sujada na raba shinkafa, na sa wa kowane yaro nama ɗaya, sai na shiga kicin ɗaukar cokali na same ta a tsugune bayan ƙofa tana kankare ƙanzo da murfin tukunya a cinya. Ba wanda ya ce mata nan ne wurinta, ita ta gane da kanta daga yadda muke yi. Ranar ban iya cin abincin ba.

Kolosiyawa 4:1 ta ce iyayengiji su yi wa bayinsu abin da ke daidai da gaskiya, don su ma suna da Ubangiji a sama. To in bawa ma yana da wannan hakki, ina ga ɗiyar mutane da aka ba ki amana? Ki tambayi kanki abu kaɗan. Tukunya ɗaya kuke ci ko tata daban? In zazzaɓi ya kama ta asibiti ake kai ta kamar naki, ko kemis ake aika ta ta sayo farasitamol ta dawo ta ci gaba da wanki? Ran Kirsimeti an ɗinka mata sabo ko kwancen 'yarki aka ba ta? Tana da lokacin yin aikin gida na makaranta? Naki yaran suna wanke kwanon da suka ci ko sai su ture mata? Wannan na ƙarshen ma cutar naki kike yi, don yaron da ya girma yana ganin akwai mutumin da aka halitta don ya ɗauke masa kwano, da wuya ya koyi tawali'u a makarantar Lahadi.

In kuma babba ce da kuka yi jinga da ita kan albashi, ki biya ta ranar da kuka yi alkawari, a hannunta. Dokar kare hakkin yara ta Nijeriya ta 2003 ma ta hana a mai da ƙaramin yaro ɗan aikin gida a gidan da ba na danginsa ba, don haka in yarinya ce ƙarama, riƙo ne ya kamata ya zama, riƙo na gaske. Mu dai daga ranar muka raba aiki a takarda muka manna a jikin firij, har da ɗana namiji a wanke-wanke, kakarsa ta yi ta faɗa amma muka dage.

Ni namiji ne, shugaban gida. In na ba matata ko ɗana haƙuri ba za su raina ni ba?

Baba, sun riga sun san ka yi kuskuren, abin da suke jira su gani shi ne ko za ka amsa. Mazanmu sun haddace Afisawa 5:22 cewa mata su yi biyayya, amma aya ta 21 da ke samanta ta ce ku yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu, ta 25 kuma ta ce miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa dominta. Sura 6 aya 4 ta ce ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. In ka zane yaro kan kuɗin da ya ɓata, daga baya ka ga kuɗin a aljihun wandonka, kada ka sayo masa tsire ka yi shiru wai ya gane. Ka kira shi a gaban waɗanda suka ga dukan ka ce ɗana na yi maka laifi, ka yafe min. A bainar jama'a ka kunyata shi, a nan ya kamata ka wanke shi.

Mijina yana duka na. Na kai ƙara sau biyu, ana ce min in yi haƙuri in ƙara tawali'u. Haka Littafi ya ce?

Ba haka ya ce ba 'yata. Babu ayar da ta ba miji izinin ɗaga hannu a kan matarsa, Kolosiyawa 3:19 ma cewa ta yi kada ya yi mata kaushin hali. Wanda ya ce ki ƙara tawali'u bai ce wa mai dukan komai ba, ya ɗora kayan a kan wadda ba ta da laifi. Matiyu 18:15-17 ta ba da hanya, ki faɗa masa, in ya ƙi ki zo da shaidu, in ya ƙi a kai gaban ikkilisiya, kuma ikkilisiya tana da horo, ana dakatar da mutum daga cin Jibin Ubangiji kan abin da bai kai wannan ba. In ranki ko na yara yana cikin haɗari ki fita ki je wurin da za ki tsira tukuna, sulhu da mai rai ake yi. Ki gaya wa iyayenki, ki gaya wa shugabar Zumuntar Mata, in an ji miki ciwo ki je asibiti a rubuta. Akwai dokar hana cin zarafin mutane da gwamnatin tarayya ta kafa a 2015 wadda jihohi da dama suka karɓa, dukan mata laifi ne a cikinta, kuma neman kariyar hukuma ba rashin bangaskiya ba ne.

Yayana ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata uku. Dangi sun ce a al'adarmu gida da gona na 'yan'uwansa maza ne. Ni Kirista ne, ina zan tsaya?

Ka tsaya kusa da gwauruwar nan da marayunta, ko da kai kaɗai ne. Na taɓa zama a gidan makoki inda ko kwana bakwai ba a yi ba, matan zumunta na waje suna waƙa suna dafa abincin masu gaisuwa, a ciki kuwa ƙannen mamacin sun shiga ɗaki da biro da takarda suna rubuta katifa, talabijin, injin niƙa, har ɗaya ya miƙa hannu ya ce ta ba shi makullin babur. Matar ba ta ce uffan ba, ta kwance bakin zaninta ta ciro ta ba shi. Injin niƙan nan da shi take biyan kuɗin makaranta. Kuma duk waɗanda suka yi wannan masu baftisma ne, ɗaya ma yana cikin ƙungiyar mawaƙan coci.

Ka karanta musu Littafin Ƙidaya sura 27. Wani mutum mai suna Zelofehad ya mutu bai bar ɗa namiji ba sai mata biyar, suka je gaban Musa da dukan taron suka ce don me sunan ubanmu zai ɓace don ba shi da ɗa namiji, a ba mu gādo cikin 'yan'uwan ubanmu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ce gaskiya 'yan matan nan suka faɗa, a ba su, har ya mai da ita doka ga Isra'ila. Ayuba ma a sura 42 aya 15 ya ba 'ya'yansa mata gādo tare da mazan. Yesu kuwa a Markus 12:40 ya yi magana mai zafi kan masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a, Yakubu 1:27 kuma ta ce addini na gaske shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Ta fuskar doka ma, a 2014 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci cewa al'adar da ke hana ɗiya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa.

Na san ba abu ne mai sauƙi ba, za a ce ka ci amanar dangi, wataƙila a daina gayyatarka taron gida. Kada ka je da faɗa, ka fara da babban cikinku shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Baba in ni ne na mutu haka za a yi wa nawa? In bai ji ba ka nemi fasto da dattawa biyu su zauna da ku. Mazan da ke karanta wannan kuma, don Allah ku rubuta wasiyya tun kuna da rai, ku nuna wa matanku takardun fili da na banki, rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa.

Ina da ɗa ɗaya da ya fi sauran ƙoƙari da biyayya, zuciyata ta fi kwanciya da shi. Zunubi ne?

Abin da zuciya ke ji ba kullum muke da iko da shi ba, abin da hannu ke rabawa kuwa muna da iko. Yakubu ya ɗinka wa Yusufu riga ta musamman a Farawa 37, ƙarshenta rigar ce aka kawo masa jiƙe da jinin akuya, shi kansa kuma a gidan da uba ke son Isuwa uwa ke son Yakubu ya tashi. Adalci ba lallai kowa ya samu abu iri ɗaya ba, mai ciwon sikila zai fi cin kuɗin magani, amma kada a ce kuɗin makaranta na maza ne mata su jira, ko laifi ɗaya wani a yi masa bulala wani a yi dariya. Wanda ba ya ja a boko ki nemo abin da hannunsa ya iya ki yabe shi a kai da babbar murya kamar yadda kike yabon mai na ɗaya.

Ina sayar da hatsi, kowa a layinmu yana da mudu biyu, na saye da na sayarwa. In ban yi ba ba zan ci riba ba.

Maimaitawar Shari'a 25:13-16 kamar a kasuwarku aka rubuta ta, ta ce kada ka kasance da ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jakarka ko a gidanka, kuma ta kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Karin Magana 11:1 ma haka, Amos 8 kuma ya ambaci masu rage mudu su ƙara kuɗi har su sayar da ɓuntun alkama. Bugaggen mudu, zuba tsohon wake a ƙasa sabo a sama, jiƙa masara ta yi nauyi, duk abu ɗaya ne. Ba zan yi miki ƙarya in ce gobe za ki yi arziki ba, wataƙila ribar ta ragu na wani lokaci. Ki faɗi farashinki na gaskiya a kan cikakken mudu, mai saye ya zaɓa. Zakkar da za ki fitar daga kuɗin ragaggen mudu ba za ta wanke shi ba, Matiyu 23:23 ta riga ta yi maganar masu ba da zakkar ganyen miya suna barin adalci da jinƙai.

Wannan ya shafi masu gona ma. 'Yan ƙwadago sun yi maka noma tun safe, yamma ta yi ka ce su dawo ran kasuwa, alhali kuɗin na aljihunka. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada hakkin ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka, Yakubu 5:4 ya ce kuɗin da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Mai gyaran famfo, tela, mai wanki da guga, malamin lesin ɗin yara, duk suna ciki.

Ɗana zai rubuta WAEC, ana karɓar kuɗi a taimaka musu a ɗakin jarrabawa. Kowa na biya.

Kada ki biya. Sakamakon da aka saya gurbin ɗan wani ne aka ƙwace, ɗan da ya yi karatu da fitilar waya uwarsa ba ta da abin biya. Kuma ɗanki zai riƙe cewa ranar da abu ya yi tsanani Mama ma ajiye Littafin take yi. Kuɗin ki sa shi a lesin, in ya faɗi ya sake.

Bayan abin da muka gani a rikice-rikice, ta yaya zan koya wa yarana adalci ga maƙwabtanmu Musulmi? An ƙone mana gida.

Sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya ga Kaduna a 2000 ko Jos a 2001 ba za a gaya masa zafin abin ba, kuma ba zan ce ka manta ba. Neman a hukunta wanda ya yi laifi ma adalci ne, ba ya hana gafara. Abin da Romawa 12:17-21 ta hana shi ne ramuwa da hannunka. Abin da kuma nake roƙonka shi ne kada ka ɗora wa mai shayin bakin layinku laifin da wani ya yi, don Ezekiyel 18:20 ta ce ko ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, balle wanda addini kawai suka haɗa.

Ka ba yaranka labarin duka biyu. Ka gaya musu abin da ya same ku, ka kuma gaya musu na Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Ka tuna da Yesu ya ba da misalin maƙwabci na gari a Luka 10, Basamariye ya zaɓa, mutumin da masu sauraronsa ba sa ko shan ruwa da shi. Ka kuma ba su labarin 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ikkilisiyar da ta fara a Garkida a 1923, wadda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, har hedikwatarta da ke Kwarhi aka mamaye a shekarar, amma ba ta bar koyarwarta ta salama ba. A gida kuma ka kula da irin sunan da kake kiran mutane da shi a gaban yara, in maƙwabci ya aiko da naman Sallah a karɓa da godiya, ran Kirsimeti a aika masa da shinkafa da cincin kamar yadda iyayenmu suka saba.

To daga ina za mu fara? Sujadar iyali muna yi kullum amma ban ga canji ba.

Ku ɗan canza yadda kuke yin ta. Maimakon Baba ya yi wa'azi kowa ya ce amin a tashi, sau ɗaya a mako bayan karatu a yi tambaya ɗaya, akwai wanda aka yi wa ba daidai ba a gidan nan cikin satin nan? A fara daga mafi ƙanƙanta, yarinyar riƙo ma a ba ta dama, kuma a yi alkawari ba wanda za a hukunta kan abin da ya faɗa a wurin. Makon farko ba mai magana, kowa zai sunkuyar da kai, kada ku matsa. Iyaye su fara faɗin nasu laifin. In akwai abin mayarwa a mayar, kamar Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 da bai tsaya kan baki ba ya ce zai mayar ninki huɗu. A gidanmu sai a mako na uku wani ya buɗe baki, autanmu ne, ya ce an ci bashin naira ɗari biyu a asusunsa an sayi magi ba a biya shi ba. Ni ce na ci, na tashi na ɗauko jakata na biya shi a wurin kafin mu yi addu'ar rufewa, mako na gaba kuma yarinyar da muke riƙo ta yi magana.